Ni da bindigar iskar Kawu: koyon saiti da madubi

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Yau na fara, kuma na ce duk ranar da na je gona zan zauna in rubuta, don in ban rubuta ba zan manta me na taɓa me ban taɓa ba. Abin ya samo asali ne tun Olamfik ɗin Faris da aka yi da damina, lokacin da hoton mutumin nan na Turkiyya Yusuf Dikec ya cika wayoyi, hannu ɗaya a aljihu, ba wani tarkace a fuskarsa sai tabarau na yau da kullum, kuma ya ci azurfa. Kowa maganar hannu a aljihu yake, ni kuma idonsa ne ya tsaya min a rai, duka biyun a buɗe. Mu dai tun muna yara muna harbin tsuntsu da danƙo abin da muka sani shi ne ka kanne ido ɗaya, to ya aka yi wannan bai kanne ba?

Kawuna yana da bindigar iska, irin mai sifirin ɗin nan da ake karyawa a tsakiya a sa ƙwaya ɗaya, milimita 4.5, ya daɗe da ita yana korar gafiya da tsuntsaye a gona. Da lasisinsa, don a dokar makamai ta ƙasar nan bindigar iska ma sai da lasisi, kuma sharaɗinsa shi ne ba zan taɓa ta ba sai yana tsaye a wajen, ba ta kwana a hannuna. Akwai madubin saiti a kanta, an rubuta 3-9x40 a jiki, wato yana kusanto da abu ninki 3 zuwa 9, faɗin gilashin gaba kuma milimita 40. Gonar tana kan hanyar Dass in ka wuce Yelwa, an gama girbi fili ya buɗe.

Da muka je na nuna wani dutse na ce a jingina kwalin da zan dinga harbi a can, ai mu a Bauchi dutse ba abin nema ba ne. Kawu ya ce a'a sam, darma in ta bugi dutse dawowa take ko ta fanɗare inda ba ka zata ba, ga shi yanzu lokacin da yaran Fulani ke shigo da shanu cin kara ne. Muka koma gindin wani tudun ƙasa, muka jera buhun yashi uku a bayan kwalin, na auna mita 20 da tef. Burina a yanzu ɗaya ne, in sa ƙwaya biyar a wurin da murfin kwalbar lemo zai rufe su duka, wajen santimita uku ke nan.

Na harba 25. Biyar ɗin da suka fi kusa da juna sai da na sa tafin hannu kafin ya rufe su.

Asabar, 14 ga Disamba

Abin da ya fi damuna satin da ya wuce shi ne baƙin da'irar nan, ina leƙawa sai in ga hoton ya tsuke, wani baƙin jinjirin wata ya shigo ta gefe, in gyara kai ya koma ɗaya gefen. Na ɗauka madubin ne ya lalace. Kawu ya karɓa ya ɗora ya ce lafiyarsa ƙalau, ni ne nake cusa idona ciki kamar mai leƙen rijiya.

Ashe kowane madubi yana da tazarar da aka yi shi da ita tsakanin gilashin baya da ido, irin wannan wajen inci uku ne zuwa huɗu, faɗin yatsu huɗu dai kusan. Ka matso fiye da haka duhu, ka ja baya fiye da haka duhu. Kuma a manyan bindigogi masu dukan kafaɗa wannan tazarar ce ke hana madubin ya fasa ma mutum gira. Yadda muka yi, ya ce in rufe ido duka biyu in ɗora bindigar a kafaɗa in kwantar da kunci yadda jikina ya so, sannan in buɗe. Na yi sau biyar, duk biyar ɗin sai na ja kai baya kafin in ga cikakken hoto. Kawu wuyansa gajere ne, ni dogo ne, madubin an ɗaura shi ne daidai shi. Ya yarda muka sassauta sukurorin muka tura shi gaba kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi, amma sai da ya sa fensir ya yi alama a inda yake da, wai ranar da na gaji zai mayar da abinsa.

Wani abu kuma da na lura, a kan 3 hoton yana da sauƙin samu, a kan 9 kuwa ɗan motsi kaɗan ya ɓace. Da na zauna na yi lissafin sai na gane dalili, hasken da ke fitowa ta baya faɗinsa shi ne 40 a raba da lambar da ka sa, a kan 3 ya haura milimita 13, a kan 9 bai kai huɗu da rabi ba, to dole ƙwayar idonka ta zauna cikin wannan ɗan siririn hasken. Na bar shi a kan 4, na daina kwaɗayin 9.

Asabar, 21 ga Disamba

Hazo ya sauko sosai yau, duwatsun da muke hangowa daga gonar ma ba a ganinsu, ga iska. Ban yi harbi da yawa ba, sai muka yi gyaran gilashin baya. Wannan zoben da ke wajen ido ba na kusanto da abu ba ne, na fito da zaren gicciyen nan na cikin madubi da ake ɗorawa a kan abin hari ne ya yi kaifi daidai idon mai shi. Ka kalli sama inda ba komai, ka leƙa na daƙiƙa ɗaya biyu ka ɗauke ido, ka murɗa kaɗan ka sake, don in ka daɗe kana kallo ido da kansa zai yi ta ƙoƙarin gyarawa ya yaudare ka, daga baya kuma ka tashi da ciwon kai. Hazon ma ya taimaka, sama fari fat. Sai da na murɗa kusan zagaye ɗaya da rabi daga inda Kawu ya bari, shi da ya haura sittin ni da ban kai talatin ba ai ba zai zo ɗaya ba.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau ce ranar da na gano ainihin matsalata, kuma wallahi jikina ya yi sanyi da farko.

Na ce bari in gwada irin na mutumin Turkiyya, in bar ido biyu a buɗe. Ina buɗe na hagu sai gicciyen ya ɓace ɓat, abin da nake gani kawai gefen madubin da buhunan yashi can nesa ƙanana, kamar ma babu gilashi a gaban idona na dama. In kanne na hagu ya dawo, in buɗe ya tafi. Kawu yana zaune a kan turmin da ke bukkar yana kallona, sai ya ce ajiye bindigar. Ya ce miƙe hannunka biyu ka haɗa su ka bar 'yar ƙofa a tsakiya, ka sa kututturen kukar can a cikin ƙofar, ido biyu a buɗe. Na yi. Ya ce rufe na dama. Kuka tana nan. Ya ce to buɗe, rufe na hagu. Kuka ta yi tsalle ta fita daga ƙofar. Na maimaita ya fi sau goma, amsar ɗaya ce.

Wato ni da dama nake ci, da dama nake rubutu, da dama nake komai, amma idona na hagu shi ne babba, shi ƙwaƙwalwa ke bi in duka biyun suna buɗe. Yawancin mutane na dama ne ke jan ragama, shi ya sa ba su ma san akwai zancen ba. Sai yanzu na tuna lokacin danƙo, kullum nawa gefe yake bi, abokai su kaɗo kurciya ni in dawo hannu rabbana, kuma ba wanda ya taɓa ce min ga dalili. Shekara nawa ina ɗauke da abu a fuskata ban sani ba.

Kawu ya ce ɗan nan kar ka damu, da madubi abin da sauƙi, ai ba bindigar toka ba ce, ka ci gaba da kanne na hagun kawai. Na ce to Kawu, amma a raina ban gamsu ba, saboda na riga na lura in na kanne ido na ɗan jima, fatar idon dama ma rawa take fara yi, kuncina ya ɗaure, bayan harbi ashirin sai in ji fuskar duk ta gaji hawaye na taruwa. Kuma idanu biyun nan tare suke aiki, in ka rufe ɗaya ya shiga duhu ƙwayar ɗayan ma tana ɗan buɗewa, hoton ya rage kaifi. Shi ya sa 'yan gasar mita 10 za ka gansu da ɗan farin faifai a gaban idon da ba sa saiti da shi, idon a buɗe yake haske na shiga, abin harin ne kawai ba ya gani. Su fa ko madubi mai kusantowa ba sa sawa, kuma a gasar doguwar bindigar iska makin goma ɗigo ne mai rabin milimita.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na sayi farin tabarau irin na masu aikin ƙarfe a kasuwar Wunti, dama ya kamata tun farko in sa don kare ido. Na yanko salatif irin mai dishi-dishin nan kamar girman farcen babban yatsa na manna a gilashin hagu, daidai inda idon ke kallo in na kwantar da kunci, ba tsakiyar gilashin ba, can sama, sai da Kawu ya tsaya a gefe ya nuna min wurin da biro.

Ikon Allah, gicciyen ya zauna. Ido biyu a buɗe, fuska a sake, kuma ta gefen salatif ɗin ina ganin abin da ke motsi a hagu, wanda a gona ba ƙaramin abu ba ne, yau ma wani yaro ya ɓullo da tumaki ta bayan bukka na gan shi tun kafin Kawu ya yi magana, na sauke na karya bindigar har suka wuce. Da ido a kanne ba zan gan shi ba.

Biyar mafi kyau yau santimita shida.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau baya na koma. Santimita takwas, tara, har da wata da ta bar kwalin gaba ɗaya. Na dawo gida raina a ɓace ban ma ci abincin dare ba sosai.

Asabar, 25 ga Janairu

An gano dalilin satin da ya wuce, kuma abu biyu ne suka haɗu. Na farko madubin ya zame baya, alamar fensir ɗin Kawu ce ta tona, ƙafafun da ke riƙe da shi sun ja da kusan rabin santimita. Irin wannan bindigar mai sifirin dukanta biyu ne, ta yi baya sannan ta fizgo gaba lokacin da fistin ya kai ƙarshe, to wannan fizgar ce ke sa madubi ya dinga rarrafawa a kan layinsa, har ma tana kashe madubin da ba don ita aka yi shi ba. Ranar da muka matsar da shi ba mu mayar da ɗan ƙusan da ke shiga rami ya tokare ba, laifinmu ne mu biyu. Mun mayar, mun ɗaure, madubin kansa muka tura a cikin zobban.

Na biyun shi ne ya fi ba ni mamaki. Na ɗora bindigar a kan buhun yashi ban taɓa ta ba, na sa gicciyen a kan ɗigon da nake hari a takardar, sai na ɗan motsa kaina sama da ƙasa. Gicciyen ya dinga yawo a kan takardar, bindiga ko motsi ba ta yi ba! Ya kai faɗin yatsa yana zuwa yana dawowa. Wato duk lokacin da kuncina ya sauka wani wuri daban ko da kaɗan ne, ni ina ganin na saita daidai alhali bakin bindigar wani wuri yake kallo. Dalili kuwa hoton abin harin da zaren gicciyen ba a wuri ɗaya suke faɗuwa a cikin madubin ba, kamar dai ka kalli allurar mitar mota daga kujerar fasinja, za ka ga lamba daban da wadda direba ke gani. A bakin madubin can gaba akwai zobe mai lambobi, 10, 15, 20, 30, 50, 100, tun da aka kawo shi a kan 100 yake, Kawu ya ce shi bai taɓa murɗa shi ba, ya ɗauka ado ne, kuma shi kuncinsa ya riga ya san wuri ɗaya shekara da shekaru shi ya sa bai taɓa cutar da shi ba. Na murɗo shi wajen 20 ina motsa kai har gicciyen ya tsaya cak, ya ɗan wuce 20 ɗin kaɗan, dama lambobin yadi ne ba mita ba, kuma ba a rantsuwa da su, gwajin kai shi ne gaskiya.

Na kuma naɗa ɗan salatif a jikin katakon inda ƙashin kuncina ke sauka don in dinga jin wurin. Bayan wannan biyar na farko santimita huɗu da rabi, duk suna ƙasa ta hagu amma a tare suke, kuma tarin shi nake nema yanzu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar murɗa saiti. A jikin abin murɗa saitin madubin an rubuta kowane ƙas ɗaya kwatan inci ne a yadi 100, to a mita 20 bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, shi ya sa da can in na yi ƙas uku huɗu sai in ga kamar ba abin da ya canja in ce ya lalace. Tarin nawa yana santimita uku ƙasa, biyu hagu. Na ba shi 21 sama, 14 dama, na harba biyar, ya zo kusa, na ƙara uku sama. Kawu ya hana ni bin ƙwaya ɗaya ɗaya, ya ce sai ka harba biyar ka duba tsakiyarsu sannan ka taɓa, in ba haka ba yini za ka yi kana kora.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na gwada kafaɗar hagu yau, don na san masu koyarwa da yawa cewa suke mai sabon farawa gara ya bi idonsa ya canja kafaɗa. Kawu bai so ba, ya ce shi bai ga dalilin da mutum lafiyayye zai mayar da kansa bahago ba, ka san yadda manya suke da zancen hagu. Na ce Kawu ka bar ni in gwada goma kawai. Gaskiya hoton ya fi haske da idon hagu, ba salatif ba komai gicciyen yana nan raɗau, har na ji daɗi. Amma yatsana na hagu bai san kunama ba, fizga yake maimakon matsawa a hankali, ga katakon an yi masa tudun kunci ne a ɓangaren mai dama, ta can gefen ba inda fuska za ta zauna. Goma ɗin sun watse. Ba zan ce hanyar ba ta da kyau ba, da bindigar tawa ce kuma da ranar farko na san zancen idon, da hagun zan fara. Yanzu dai na koma dama da salatif ɗina.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Sanyi ya fara ja baya, ƙarfe sha ɗaya rana ta yi zafi har na fara ganin kawalwalniya a cikin madubin, takardar na rawa kamar tana cikin ruwa, sai na rage zuwa 4 daga 6 da na hau.

Aikin yau numfashi ne da inda ido ke tsayawa. Da can abin da nake yi, in cika ƙirji da iska in riƙe, in yi ta jiran gicciyen ya tsaya cak, shi kuwa ba ya tsayawa, sai ganin ya fara dushewa ɗigon ya narke sannan in fizgi kunama don na gaji. Yanzu in ja numfashi biyu, in sake na biyun ya fita da kansa, a wannan ɗan tsayin kafin na gaba nake matsawa, in na ƙirga takwas ban harba ba in sauke in kalli ciyawa ko nesa in ƙifta ido in sake daga farko. Saukewar nan ita ta fi komai wuya, zuciya na ce maka ai saura kaɗan. Kuma na daina ƙanƙame bindigar, mai sifirin so take ka ɗora ta a buɗaɗɗen tafi ta yi motsinta iri ɗaya kullum, ko a kan buhu ma hannuna nake sawa a tsakani.

Sai babban abin, wanda ban san ina yi ba sai da Kawu ya ɗauke ni bidiyo da wayata. Duk harbi sai na ƙifta ido, kuma kaina na ɗagowa tun kafin ƙarar ta gama don in ga inda ta faɗa. A irin wannan bindigar ƙwayar tana ɗan jimawa a cikin bututun bayan kunama ta saki, to ɗagowar nan tana tafiya da ita. Ya ce ka zauna a cikin madubin ka ƙirga biyu, kuma kafin ka duba takarda ka faɗa min inda gicciyen yake lokacin da ta tashi. Na farko na kasa faɗa, don idon a rufe yake. Wajen na goma sha biyar na ce Kawu wannan dama ta yi sama kaɗan, muka je muka duba, tana nan dama sama kaɗan. Wannan ya fi min daɗi fiye da duk wadda ta shiga tsakiya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun fita tun bayan asuba don mu riga iska da rana. Zagaye shida na yi, biyar biyar. Na farko huɗu da rabi, na biyu huɗu, na uku na ajiye murfin lemon a kai ya rufe huɗu, ta biyar ta leƙo ta gefe rabinta a waje. Na huɗu ya rufe duka biyar ɗin, na ɗaga na mayar na sake ɗagawa, na kira Kawu ya zo ya duƙa ya duba da kansa ya ce madalla, sai ya ce saura ka maimaita. Na biyar da na shida ban maimaita ba, uku da rabi da huɗu, ina jin murna ce ta sa na fara sauri.

Na yanke takardar na rubuta kwanan wata a bayanta na sa a cikin littafi. Azumi ana sa ran Asabar mai zuwa, Kawu ya ce bindiga za ta shiga akwati sai bayan salla, ido da ƙishirwa ba sa saiti. Kafin nan zan je a auna min idon dama a asibiti don har yanzu ina ganin na hagu ya fi shi kaifi, in tabarau ne a yanka min. Bayan salla in Allah ya kai mu zan rage salatif ɗin zuwa rabi in ga ko gicciyen zai zauna, sannan mu ja kwalin zuwa mita 25.